Ido Ba Mudu Ba Ne

Kafin komai sai na fara da ba ku haƙuri, domin na san an daɗe ana jiran ci gaban labarin da na ɗauko, har wasu sun aiko suna tambaya ko fushi na yi, wasu kuma suka ce ai dama halin marubuta ke nan, sai labari ya ɗauko daɗi sannan su fara ja wa mutane rai. Wallahi ba jan rai ba ne. Idona ne ya tsaya min, kuma kun san marubuci da ido kamar ɗan garuwa ne da kafaɗa. Yau dai ba labarin soyayya zan ba ku ba, labarin kaina ne, da na mahaifiyata, da na wata baiwar Allah da na ɗauki alhakinta shekara da shekaru.

Wata safiya ina zaune bakin gado ina saka kwalli, na runtse idon dama, sai na ga ƙarafan tagar ɗakina sun lanƙwashe daga tsakiya kamar an ɗora musu kaya. Na buɗe idon, suka miƙe. Na sake runtsewa, suka sake lanƙwashewa. Na jawo littafin da nake rubutu a ciki, don ni har gobe da biro nake rubutuna a littafin 'yan makaranta, sai daga baya 'yata ta buga min a waya, na duba layukan da idon hagu kaɗai, sai na ga suna hawa da sauka kamar kunyar gona, kalmar da na sa wa ido kuma ta dushe, na gefenta ne kawai nake gani sosai. Babu zafi, babu ƙaiƙayi, idon ko ja bai yi ba. Ashe idon dama ne yake ta rufa wa ɗan'uwansa asiri, ni ban sani ba.

A lokacin shekarata huɗu da sanin ina da ciwon suga. Na bar lemon kwalba, na koma tuwon alkama da acha, ƙwayoyin kuma ina sha idan na tuna. Tun ranar da aka gaya min ciwon, likita ya rubuta min takarda ya ce in je a duba bayan idona ko da ina gani garau, kuma in riƙa zuwa duk shekara. Takardar na sa ta cikin wani tsohon littafina, can ta shekara huɗu. Ba mantuwa ba ce, tsoro ne, kuma tsoron yana da asali.

Innarmu, Allah ya jiƙanta, da idonta biyu ta aurar da ni, amma ba ta ga fuskar autana ba, sai dai ta shafa. Abin ya fara mata da cewa tana ganin ƙudaje suna bin ta, ta yi ta korar su da gefen mayafi muna dariya. Daga baya ta ce yanar gizo-gizo ce. Wata rana da asuba ta tashi ta ce wa ya rufe mata ido ɗaya da jan ƙyalle? Kafin shekara biyu ɗayan ma ya bi. Mun san tana da suga, amma babu wanda ya haɗa sugan da idon, domin a tunaninmu ciwon suga na yawan fitsari ne da gyambon ƙafa. Da muka kai ta asibiti a ƙarshe, sai aka ce mun makara.

To kun san gidan yawa. Inna tana da abokiyar zama wadda muke kira Mama, kuma tun muna yara ba a cika jituwa ba. Nan da nan magana ta fita a dangi cewa aikin hannu ne, an yi mata ne. Aka yi ta rubutu da hayaƙi da wanke ido da jiƙe-jiƙe. Ni kuwa da nake ganin ina da makami a hannu, sai na zauna na rubuta littafi mai kashi uku, inda kishiya ta je wurin boka aka soke idon ɗan tsako da allura, uwargida ta wayi gari ba ta gani. Ban sa sunan kowa ba, amma duk wanda ya san gidanmu ya san da wa nake, har irin ɗaurin ɗankwalinta na sa a ciki. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, a shagunan Sabon Gari har sai da aka sake bugawa, kuma da kuɗinsa na sayi firij ɗina na farko. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce na ɓoye rabona a cikin labarin.

Ranar da na ga ƙarafan nan sun lanƙwashe, abin da ya fara zuwa raina shi ne, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Na biyun kuma, wanda ya fi na farko nauyi: ni ba ni da kishiya.

Sati biyu ban gaya wa kowa ba, sai ɗan yayana da yake karatun gwaje-gwajen asibiti a jami'a ya zo gaishe ni ya tarar da ni ina rufe ido ɗaya da tafin hannu ina kallon bango. Da na gaya masa sai ya ce, "Gwaggo, ai wannan sai likitan ido." Na ce, "Kai dai ba a jini kuke gane komai ba? Ka ɗebi jinina ka je ka auna, in da abu ka gaya min, in babu ka bar ni in huta." Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani sinadari da ake kira VEGF, wanda ya karanta cewa shi ne yake yawa a idon masu suga idan ciwon ya kama idon, kuma masu bincike suna auna shi a jini, har ma a hawaye. Kai! Ji na yi kamar an yi min bushara. Na ce shi ke nan, wannan za a yi min. Ni dai burina kada a taɓa idon, kada kuma wani ya leƙa ciki ya faɗa min kalmar da aka faɗa wa Inna.

Yaron nan ya fi ni wayo. Ya ce to mu je asibitin ido a rubuta mana gwajin. Haka ya sa ni a adaidaita sahu.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ina zama na ce, "Likita, gwajin VEGF na zo a yi min a jini." Ta ɗago ta dube ni, ta dubi yaron, ta yi murmushi ta ce, "Hajiya, wa ya kai ki wannan karatun?" Ta sa aka ɗiga min magani a ido, ta ce sai an jira kamar rabin awa ƙwayar idon ta buɗe, kuma tunda na zo da tambaya, za ta ba ni amsa a cikin jiran. Abin da zan rubuta nan shi ne yadda na fahimta daga bakinta, da kuma abin da ɗan yayana ya yi ta karanto min yana fassarawa daga baya, don ni karatuna a sakandare ya tsaya.

A can bayan ido akwai wani siririn labule da likitoci ke kira ratina, shi ne yake ɗaukar hoton duk abin da muke gani, kamar fim ɗin kyamarar da. Labulen nan mayunwaci ne ƙwarai, kullum yana buƙatar jini da iskar oksijin, kuma wasu ƙananan jijiyoyi da suka fi gashi siranta ne suke kai masa. Idan suga ya daɗe yana yawa a jini, sai ya riƙa cin bangon waɗannan jijiyoyi a hankali, wasu su fara yoyo, wasu su toshe gaba ɗaya. Inda jijiya ta toshe, wurin ya shiga yunwa ke nan, sai ya fara ihun neman agaji. Ihun nan ba da murya ba ne, da sinadari ne, shi ne VEGF ɗin, kuma saƙon da yake ɗauke da shi guda ne: a tsiro da sababbin jijiyoyi a kawo jini nan.

Ta ce in ɗauka unguwa ce da babban bututun ruwanta ya toshe, kowa ya fita ya sayo robar tiyo mai araha ya yi jone-jone ta kan katanga da tsakiyar hanya. Ruwan ba zai isa gidajen ba, sai dai lungu ya cika da taɓo. Haka sababbin jijiyoyin suke, ba su da ƙwari, ba a kan hanya suke tsirowa ba, abu kaɗan sai su fashe jini ya zuba cikin ido. Ƙudajen da Inna take kora, ɗigon jini ne yake yawo a cikin idonta. Jan ƙyallen nan na asuba, babbar fashewa ce. Daga baya kuma wurin ya yi tabo, tabon ya ja labulen ya ɓamɓare shi daga bango. Ina zaune idona yana zubar da ruwan magani, na ji an karanta min ciwon mahaifiyata daki-daki kamar likitar tana gidanmu a lokacin. Babu boka a ciki, babu ɗan tsako.

Abin da ya ba ni mamaki a matsayina na mai ƙirƙirar labari shi ne yadda aka daɗe ana neman wannan sinadari ba a ga fuskarsa ba. Tun 1948 wani likitan ido ɗan Sikotland mai suna Isaac Michaelson ya ce lallai akwai wani abu da labulen ido yake fitarwa wanda ke kiran jijiyoyi su tsiro, amma bai iya kama shi ba, aka yi ta kiran abin da harafin X kawai. A 1983 wasu masu binciken ciwon daji a garin Bostan na Amurka, Donald Senger da Harold Dvorak da abokan aikinsu, suka gano wani sinadari da ke sa jijiyoyi yoyo. A 1989 wani ɗan Italiya, Napoleone Ferrara, da ke aiki a kamfanin Genentech a Kalifoniya, ya tace wani sinadari da ke sa jijiyoyi tsirowa, ya raɗa masa suna VEGF. Da aka bincika sai aka ga ashe mutum ɗaya ne da suna biyu, mai sa yoyon shi ne mai sa tsiron. Da ni na rubuta haka a littafi, cewa za ku yi na cika haɗa zance.

Sai a 1994 aka kama shi dumu-dumu a cikin ido. Lloyd Paul Aiello da abokan aikinsa, su ma a Bostan, suka tattara ruwan cikin ido daga mutum 164 da ake yi wa tiyata, suka auna. A cikin samfur 136 na masu ciwon idon suga, an sami sinadarin a 69. A cikin samfur 31 na waɗanda ba su da cutar tsiron jijiyoyi, a 2 kawai aka same shi. Idanun da jijiyoyi ke kan tsirowa a cikinsu kuwa, yawan sinadarin ya ninka na masu ciwon da bai kai nan ba fiye da sau 30. Kuma waɗanda aka yi wa aikin leza, wato aka ƙone gefe-gefen labulen da ke cikin yunwa don ihun ya ragu, sai aka ga sinadarin ya sauka. Shekara 46 ke nan tsakanin zargi da kama ɓarawo.

Na ce, "To Likita, tunda an san shi, kuma ana iya auna shi, me ya hana a auna nawa?"

Ta ce, "A ina za mu auna? Can cikin idon ne yake faɗin gaskiya, kuma babu mai huda ido da allura don tambaya kawai. Masu bincike ma sai in dama za a yi wa mutum tiyata ko allura suke ɗiban ɗan ɗigo." Jini kuwa, in ji ta, ba na ido kaɗai ba ne. Ruwa mai kaurin da ya cika cikin ido bai kai cokalin shayi ɗaya ba, jinin jikin babban mutum kuwa ya kai lita 5. Kuma VEGF ba baƙo ba ne a jiki, ba kuma mugu ba ne a ko'ina: da shi rauni yake warkewa, da shi mahaifa take gina wa ɗa wurin kwanciya, ƙoda tana yin sa, tsoka tana yin sa idan an motsa jiki, ciwon daji ma yana yin sa. Ga wani abin kuma, ƙwayoyin da ke daskarar da jini suna ɗauke da shi a cikinsu, da jini ya fara daskarewa a kwalbar gwaji sai su amayar da shi, don haka jinin mutum ɗaya zai iya ba da amsa biyu gwargwadon yadda aka ɗebe shi aka ajiye. An yi bincike da yawa, wasu sun ga yana ɗan hawa a jinin masu ciwon idon da ya yi nisa, wasu ba su ga bambancin kirki ba, kuma har yau babu wata lamba da aka yarda da ita da za a ce daga nan zuwa sama ido yana cikin haɗari. Shi ya sa gwajin yake hannun masu bincike, bai shigo ɗakin likita ba.

Na ce mata, wato kamar mutum ya tsaya a Ƙofar Mata da magariba yana shinshina iska, wai yana son ya gane ko tukunyar wani gida a Yakasai ta kama. Ta yi dariya ta ce in ba ta aron wannan.

Ni dai a raina ban ji daɗi ba, kuma har yanzu ina ganin da a ce masu binciken nan za su dace, da an taimaki mutane irina. Gwajin da za a yi da ɗigon jini ko hawaye a ƙaramin asibitin ƙauye ya fi a ce tsohuwa ta taso daga nesa tana neman likitan ido a birni. Amma likitar ta faɗi wata magana da ta zauna min. Ta ce a cikin ido ana ganin jijiyoyin jini tsirara ba tare da an yanka ba. Me zai sa a je ana tambayar maƙwabta alhali taga a buɗe take? Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan idon likita ne ya fi mudun.

Da ƙwayar idon ta buɗe ta haska min wata fitila mai kashe ido, sannan aka sa ni a gaban na'urar da suke kira OCT, wadda ke nuna kaurin labulen kamar an yanka burodi ana kallon cikinsa. Ta juyo min da allon. Idon dama layi ne lafiyayye da ɗan kwari a tsakiya. Na hagu kuwa, inda ya kamata a ga kwarin, tudu ne da wasu baƙaƙen ramuka cike da ruwa. Ta ce wannan ita ce cibiyar gani, wurin da bai kai ƙwayar masara ba, da shi ake karatu da zira zare a allura da gane fuskar mutum. Jijiyoyina sun yi yoyo a wurin ya kumbura, shi ya sa layuka suke lanƙwashewa. Sababbin jijiyoyi ba su fara tsirowa ba tukuna. Kalmar da na shekara huɗu ina gudu, ba ta faɗe ta ba. Cewa ta yi, "Kin zo da sauran lokaci."

Maganin kuwa allura ce a cikin idon. Jama'a, ni da na rubuta an soke idon ɗan tsako! Na ce a'a, ta ce in saurara. Tunda an san sinadarin, an ƙera maganin da ke kama shi ya ɗaure. Na farkonsu da ya yi suna shi ne Avastin, wanda aka amince da shi a Amurka a 2004 don ciwon dajin hanji, sai a 2005 wani likita a garin Mayami, Philip Rosenfeld, ya gwada ɗan kaɗan a cikin ido aka ga ya yi aiki. Daga baya aka fito da waɗanda aka yi domin ido, Lucentis da Eylea, a 2022 kuma aka ƙaro Vabysmo wanda ke kama VEGF tare da wani sinadarin na biyu, domin an lura ba kowane ido ne VEGF kaɗai ke ɓata shi ba, akwai waɗanda ake yi wa allurar kumburin ya ƙi sauka sosai. Waɗannan na bayan kuɗinsu ba na marubuciyar Hausa ba ne. Avastin ɗin ne daidai aljihuna, don kwalba ɗaya ake raba wa mutane da yawa, duk da haka sai da na sayar da ɗan kunnena.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoron ya fi allurar. An ɗiga maganin kashe zafi, an wanke idon da wani jan magani, an sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon, aka ce in kalli gefe. Na ji kamar an danna da yatsa, kafin in gama salati an ce an gama. Yinin ranar ji nake kamar akwai yashi a ciki. An gargaɗe ni in na ji ciwo mai tsanani ko gani ya ragu ko idon ya yi jajir, in dawo a ranar, kada in jira gobe. Wata-wata ake yi da farko. Bayan ta uku tudun nan ya sauka a allo, ƙarafan tagata sun kusa miƙewa, saura ɗan karkata kaɗan da nake ganin da shi zan zauna. Ta kuma ce allura share taɓo ce kawai, bututun yana hannuna: suga, hawan jini, da gwajin nan na wata uku-uku da ake kira HbA1c, wanda ba a yi masa wayo da azumin kwana ɗaya kafin zuwa asibiti kamar yadda na saba. Ta ƙara da cewa in gaya wa mata masu suga, ciki yana iya hanzarta ciwon idon, duk wadda ta samu juna biyu ta je a duba ta tun da wuri. To ga shi na gaya muku.

Saura Mama. Tana nan da ranta a tsohon gidanmu, ta tsufa ƙwarai. Abin da ban sa a littafin nan ba, kuma na sani sarai tun a lokacin, shi ne shekara shida da Inna ta yi ba ta gani, Mama ce take kama hannunta ta kai ta banɗaki, ita take cire mata ƙaya a kifi. Mu 'ya'yanta muna gidajen mazajenmu muna zuwa ranar Juma'a da ledar lemo, lemon da ashe ƙara mata ciwo yake. A lokacin cewa muke yi ai borin kunya ne.

Na je na same ta a tsakar gida tana gyaran zogale. Na zauna a kan tabarma na yi ta kewaye-kewaye, na ba ta labarin labule da jijiyoyi da robar tiyo, ina jin kaina ina ta zuba kamar rediyo. Da na rasa abin faɗa sai na ce, "Mama, ciwon suga ne ya makantar da Inna."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ai na sani ba ni ba ce."

Na ce, "Akwai wani littafi da na taɓa rubutawa."

Ta ce, "An karanta min. Har na ukun. Jikata ce ta karanta min, ba ta san da ni ake ba, tana ta tsine wa matar." Ta watsa ganyen a faranti, ta ce, "Innarku ma ta sa an karanta mata. Ita ce ta hana ni yi miki magana, ta ce yarinta ce."

Na nemi gafararta ina kuka, idon da aka yi wa allura yana ta zafi. Ta ce ta yafe tun tuni, in daina kukan kada in ɓata aikin likita. Muka yi shiru. Can sai ta matso da fuskarta kusa da tawa tana leƙen idon, ta ce, "Wai da gaske a cikin ƙwayar suke soka allurar?" Na ce da gaske. Ta ce, "Ikon Allah." Ta koma kan zogalenta, sannan ta ce ita ma bara an ce mata tana da sugan, kuma kwanan nan tana ganin wani ɗan baƙin abu yana bin ta in ta kalli farin bango.

Ranar Talata zan kai ta. Ci gaban labarinku kuma sai ranar Asabar in Allah ya kai mu, shafi biyar-biyar nake iya rubutawa yanzu kafin idon ya gaji.